Ƙaramin Makunni Mai Sanda: Yadda Za Ka Ci Moriyar Na Araha

Duk mai sha'awar haɗa 'yan kayan lantarki da hannunsa, ko fitilar caji ce, ko fankar sola, ko ƙaramar sifika, ko aikin da aka ba ɗalibai a kwalejin fasaha, ba ya daɗewa sai ya ci karo da ɗan makunnin nan mai sandar ƙarfe. Jikinsa shuɗi ne ko ja, bai wuce girman kan yatsa ba, ƙafafunsa biyu ko uku ko shida, wuyansa da zare da noti. A shagunan kayan gyaran rediyo da talabijin na Sabon Gari a Kano, da irinsu a sauran garuruwa, cikin leda ake zubo su, babu sunan kamfani, babu takardar bayani. Akasarinsu daga ƙasar Sin suke zuwa, kuma masana'antu da dama ne ke buga su da siffa ɗaya, shi ya sa biyu da ka ɗauko daga leda ɗaya ma kan bambanta.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ban yarda a yanke wa wannan makunni hukunci da karin maganar kaɗai ba. Yana da amfani sosai, kuma yakan yi shekaru yana aiki. Sharaɗin dai shi ne ka ɗauke shi a matsayin mai ba da umarni a kunna ko a kashe, kada ka mai da shi mai ɗaukar wuta mai nauyi. Yawancin waɗanda ke mutuwa da wuri abu biyu ne ke kashe su: zafin dalma ranar da aka haɗa su, da kuma gaskata lambar da aka buga a jikinsu.

Sai ka san abin da ke cikinsa kafin sauran shawarwarin su zauna maka. Sandar da kake turawa tana da gindi da ya shige ciki, a ƙarshen gindin akwai ɗan sifirin da ke tura wani ɗan tsinken roba. Tsinken yana danna wani siririn fallen ƙarfe da ke zaune bisa ƙafar tsakiya, yana rinjaya dama ko hagu. Kamar jigon masu lambu yake: idan wannan kai ya yi sama, wancan ya yi ƙasa. Saboda haka idan ka tura sanda sama, ƙafar tsakiya da ta ƙasa ne suka haɗu, ba da ta sama ba. Masu farawa da yawa sukan gama haɗa akwati tsaf, sannan su tarar komai a juye yake saboda wannan. Duk kayan nan kuwa roba ce ke riƙe da su, an lulluɓe ta da ɗan gwangwani mai kunnuwa huɗu da aka lanƙwasa. Akwai ɗan man giris a ciki don sandar ta riƙa zamewa. Robar da giris ɗin duka ba sa jure zafi.

Lambobin da ake kiransu da su suna da sauƙi. MTS-101 ƙafa biyu gare shi, kunnawa da kashewa kawai. MTS-102 ƙafa uku, sandar na tsayawa wuri biyu, ta tsakiya na haɗuwa da wannan ko waccan, ba shi da wurin hutu. MTS-103 shi ma ƙafa uku, sai dai sandarsa na tsayawa a tsakiya inda ba abin da ya haɗu da wani. Idan lambar ta fara da 2, wato 202 da 203, makunni biyu ne cikin jiki ɗaya, ƙafa shida, sanda ɗaya ke juya su tare, kuma wutar wannan layi ba ta taɓa ta wancan. Akwai 123 da 223 waɗanda sandarsu ke komawa tsakiya da kanta da zarar ka saki. A takardun zane za ka ga an rubuta SPST ga mai ƙafa biyu, SPDT ga mai uku, DPDT ga mai shida. Idan kuɗinka na iri ɗaya ne kawai, sayi mai ƙafa uku, domin yana yin aikin mai biyu in ka bar ƙafa ɗaya ta gefe ba waya. Kuma kada ka dogara da abin da mai shago ya ce, 102 da 103 kamanninsu ɗaya a ido, sai ka tura sandar ka ji ko tana tsayawa a tsakiya.

Tun a shagon za ka fara tacewa. Tura sandar sau da yawa ka saurara. Mai kyau yana faɗawa da ƙara ƙas, da ƙarfi iri ɗaya ta kowane ɓangare. Wanda ya yi laushi, ko yake makalewa a hanya, ko sandarsa ke kaɗawa gefe da gefe, ajiye shi. Kama kowace ƙafa da yatsa ka girgiza, kada ko ɗaya ta motsa. Duba gindin ƙafafun: waɗanda aka zuba wa jan gam mai tauri sun fi, domin yana riƙe ƙafar lokacin dalma, yana kuma hana ruwan dalmar shiga ciki. Kama wuyan mai zare ka murɗa a hankali, in ya juya daban da jikin, wannan ba zai ɗauru a akwati ba. Ka tabbata an ba ka noti biyu da washa mai haƙora da zoben nan mai ɗan kunne. Sannan ka sayi fiye da buƙatarka. Idan biyu kake nema ɗauki huɗu, domin komawa kasuwa saboda makunni ɗaya ya fi kuɗinsa tsada.

A gida kuma mita ce za ta yi magana. Sa ta a wurin da take kuka idan waya ta haɗu, ka ɗora tsinke ɗaya a ƙafar tsakiya, ɗayan a ta gefe, ka kunna ka kashe kamar sau ashirin. Kowane karo ya kamata kukan ya zo nan take, ya tsaya ba yankewa. Yayin da take kukan, taɓa sandar a hankali gefe da gefe. In kukan ya yanke, makunnin nan zai riƙa yi maka wasa bayan ka rufe akwati, jefar da shi yanzu. Takardun irin waɗannan makunnai kan ce turjiyar bakin haɗuwarsu ba ta wuce 0.02 na om ba. Mitar kasuwa ba ta iya ganin wannan, domin wayoyinta kaɗai kan nuna 0.2 zuwa 0.5. Sai ka fara haɗa tsinkayen biyu da juna ka ga abin da ta nuna, sannan ka auna makunnin. In lambar ta ɗara ta farko da abin a zo a gani, bakin ba shi da tsabta.

Yanzu ga lambar da ke yaudarar mutane. A gefen gwangwanin an buga 6A 125VAC, wani lokaci da 3A 250VAC. Sai mutum ya ce, abin da ya ɗauki amfiya shida a bolt 125, ai batir mai bolt 12 wasa ne a wurinsa. Lissafin ba haka yake ba. Haruffan AC ɗin nan na nufin irin wutar layi, wadda ke kai da komowa. A Najeriya da Nijar tana zagaye 50 a daƙiƙa, wato sau 100 a kowace daƙiƙa take saukowa sifiri. Lokacin da bakin makunni ya rabu, tartsatsi kan tsallaka tsakanin ƙarafan biyu, amma da wutar ta sauko sifiri sai ya mutu da kansa. Wutar batir da ta sola, wato DC, ba ta saukowa sifiri. Tartsatsinta na ci gaba da ci har sai ƙarafan sun yi nisa da juna, kuma a cikin ɗan jikin nan nisan kaɗan ne ƙwarai. Kowane tartsatsi na cin fuskar ƙarfen, yana barin baƙi da ƙuraje. Baƙin na ƙara turjiya, turjiya na haifar da zafi. In bakin ya lalace har ya kai rabin om, amfiya biyu na ratsa shi, bolt ɗaya ke ɓacewa a wurin, kuma wat biyu na zafi ke taruwa a cikin robar da ba ta kai kan yatsa ba. Ƙarshenta ko ta narke ƙafa ta goce, ko ƙarafan su manne ka kashe ya ƙi kasuwa.

Kamfanonin da ke sa sunansu a jikin kaya, irin su C&K na Amurka da NKK na Japan da APEM na Faransa, suna rubuta iyakar DC daban a takardunsu, kuma ga masu wannan girma ba ta wuce bolt 28 ko 30 ba. Wanda ba shi da suna bai yi maka alkawarin komai a DC ba, ko lambar AC ɗin ma ba ka san wanda ya gwada ta ba. Ƙa'idar da nake bi, kuma nake ba duk wanda ya tambaye ni, ita ce: a bolt 12 kada ya wuce amfiya ɗaya zuwa biyu, shi ma in kayan masu sauƙin hali ne kamar fitilun LED da ƙaramar rediyo.

Na ce masu sauƙin hali domin abin da aka rubuta a jikin kaya ba shi ne abin da suke ja a daƙiƙar farko ba. Raba wat da bolt ka sami amfiya: fankar DC mai wat 15 a bolt 12 tana jan 1.25. Amma lokacin tashi, kafin fukafukan su ɗauki gudu, tana jan ninkin wannan sau da yawa, sannan idan ka kashe, naɗin wayar da ke cikin moton na mayar da harbi mai ƙarfin bolt wanda ke ƙara tartsatsi. Ƙwan mota mai zare, mai wat 21, yana jan 1.75 idan ya yi zafi, amma zarensa mai sanyi kan ja kusan ninki goma a farkon kunnawa. Amfilifaya mai manyan kafasito ita ma haka take zuƙar wuta da farko. Igiyar fitilun LED da ake sayarwa a naɗe, mita biyar ta irin 5050 mai ƙwai 60 a kowace mita, an ƙiyasta mata wat 72, wato amfiya shida cif. Ƙwan gaban mota mai wat 55 ya haura amfiya huɗu da rabi. Waɗannan biyun ba na ɗan makunninmu ba ne kai tsaye. Kuma haɗa layuka biyu na mai ƙafa shida wuri ɗaya ba ya ninka ƙarfinsa, domin ba sa rufewa ko buɗewa daidai lokaci guda, ɗaya ne ke shan duka tartsatsin.

Wutar layi kuwa, ta gida ko ta janareta ko wadda ta fito daga inbata, ina roƙon ka kada ka kusantar da ita ga makunni mara suna ko da an rubuta 250V. Sandarsa ƙarfe ce, wuyansa ƙarfe ne, tsakanin ƙafafunsa bai kai milimita biyar ba, kuma abin da ya raba yatsanka da wutar ɗan tsinken roba ne da ba ka san ingancinsa ba. Akwai makunnan dannawa masu jikin roba gaba ɗaya da aka yi don wannan aiki. Wanda ke koyo ya tsaya a kan batir tukuna.

To idan kayanka masu nauyi ne, kuma kana son kyan sandar nan a fuskar akwatinka? Sai ka samo masa mai ɗaukar kaya. Hanya mafi sauƙi ita ce rilen mota, wanda kowane mai wayarin ya sani, mai ɗaukar amfiya 30 ko 40. Ƙafafunsa na da lambobi. Wuta mai nauyi daga batir ta shiga 30, ta fita ta 87 zuwa kayanka. 85 ka kai ta baƙar waya, 86 kuma ta karɓi jar waya ta hanyar ɗan makunninka. Abin da zai ratsa makunnin bai kai rubu'in amfiya ba. Ka gicciya dayod 1N4007 tsakanin 85 da 86, ɓangarensa mai zobe yana kallon 86, don ya shanye harbin da naɗin rilen ke yi idan an kashe. In ka juya dayod ɗin, wuta za ta game da zarar ka kunna, don haka duba sau biyu.

Aibin rile shi ne yana cin wuta muddin yana kunne, kuma ga mai ɗan batir na 7Ah da ke son fitila ta kai shi asuba, wannan ci ba ƙarami ba ne. A nan MOSFET ya fi. IRFZ44N yana ko'ina, domin masu gyaran inbata na amfani da shi. Riƙe shi rubutun na kallonka, ƙafafu ƙasa: ta hagu ita ce ƙofa, G, ta tsakiya D, ta dama S. S ta tafi baƙar wayar batir. D ta tafi baƙar wayar kayanka, jar wayar kayan kuma ta tafi batir. Makunninka ya kawo bolt 12 zuwa G, sannan ka sa rizisto 2.2k tsakanin G da S don ƙofar ta rufe idan ka kashe. Abin da zai bi ta makunnin wajen miliamfiya biyar ne. Abu biyu za ka kiyaye. Ƙofar ba ta jure fiye da bolt 20, kuma farantin sola da ake kira na bolt 12 yakan kai 21 ko 22 idan ba kaya a kansa, saboda haka daga batir za ka ɗauko, ba daga faranti kai tsaye ba. Na biyu, ƙarfen bayansa haɗe yake da D, kada ya taɓa akwatin ƙarfe. In kayan moto ne, gicciya masa dayod da zai iya ɗaukar wutarsa. In kuma bolt 5 kake da shi, nemi IRLZ44N.

Dalma ita ce inda aka fi yin ɓarna, kuma ɓarnar ba ta nunawa a waje. Ƙafar makunni na kai zafi kai tsaye zuwa robar da ke riƙe da ita. In ka daɗe, robar ta yi laushi, sifirin da ke ciki ya tura ƙafar ta sauka kaɗan, da ta huce sai ta daskare a karkace. Giris ɗin ma ya narke ya malalo bisa bakin haɗuwa. Za ka ga makunni lafiya ƙalau a ido, yana kunnawa yau, gobe sai an jijjiga shi.

Abin mamaki, ayan mai sanyi-sanyi ya fi mai zafi kashe makunni, domin shi ke sa ka tsaya kana jiran dalma ta narke. Dalmar 60/40 na narkewa a wajen digiri 190, amma bakin ayan ya kamata ya kai kamar 350 don aikin ya ƙare da sauri. In wutar ta yi ƙasa ayan bai yi zafi sosai ba, haƙura ka jira. Goge bakin ya yi fes, ka shafa masa 'yar dalma. Ƙafar makunnin in ta dushe, kankare ta kaɗan da reza har ta yi haske, domin dalma ba ta kama dattin ƙarfe. Feƙe waya kamar milimita huɗu, murɗe gashinta, ka shafa mata dalma ita kaɗai tukuna. Zura ta cikin hujin ƙafar ka lanƙwasa, yadda za ta tsaya ba sai ka riƙe ba. Sa sandar a tsakiya in mai tsakiya ne, in ba haka ba tura ta yadda ƙafar da za ka yi wa aiki ba ita ce a haɗe ba. Sannan ka ɗora ayan, ka ba da dalma, ka ɗage. Daƙiƙa uku. In ba ta kama ba, kada ka nace. Ɗage, bar shi ya huce sarai, gyara abin da ya hana, ka sake. Tsakanin ƙafa da ƙafa ma ka ba shi lokaci, kuma a mai ƙafa shida ka riƙa tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗan maƙalin ƙarfe mai baki kamar kada, in ka maƙala shi a gindin ƙafar, yana shan wani ɓangare na zafin.

Kada ka riƙe makunnin ƙafafu sama kana zuba dalma, ruwan cikinta zai gangara ciki. Kwantar da shi a gefe. Man dalma mai asid na masu gyaran famfo da lagireto ba na wannan aiki ba ne, yana cin ƙarfe a hankali. Kuma waya ta dace da ƙafar. Kaurin waya na buƙatar zafi mai yawa, sannan nauyinta na fizgar ƙafar kullum. In ka ga dole sai da kaurin waya, alama ce wutar ta fi ƙarfin makunnin. Bayan ka gama, sake gwada shi da mita kafin ka ci gaba, sannan ka sa wa kowace ƙafa robar nan da ke tsukewa da zafi. Baƙin salatif na warwarewa a zafin bazara, yana barin danƙo.

Ɗaurawa ba ta da wuya. Zaren wuyan MTS milimita shida ne, huji ma shida ko ɗan fiye kaɗan. Ƙannensu da ake kira SMTS biyar ne, kuma notin na Amurka, masu inci kwata, ba ya hawa zaren waɗannan. Noti ɗaya na zama ciki don daidaita tsawon wuyan da zai leƙo, washa mai haƙora na biye da shi, sai bangon akwati, sai noti na waje. Zoben mai kunne na hana makunnin juyawa: yana da ɗan harshe da ke shiga tsagin wuyan, kunnensa kuma na buƙatar ɗan ƙaramin huji kusa da babban. Mutane na jefar da shi, daga baya makunnin ya riƙa juyawa har wayoyi su tsinke. Ɗaure da ƙaramar sifana, ba filaya ba, kuma da ka ji ya kama ka tsaya, domin ƙarin murɗa na zare wuyan daga gwangwanin. Kada ka ɗiga masa sufa gulu, yana bin zare ya shiga ciki ya daskarar da komai. Wayoyin ka ɗaure su a jikin akwatin da ɗan zare ko gam ɗin kyandir, yadda in an fizgi waya ba ƙafar makunni za ta ji ba. Kuma ƙafafunsa ba sa shiga allon gwaji mai ramuka, wanda tazarar ramukansa milimita 2.54 ce alhali tasu wajen 4.7. Dalmata musu gajerun wayoyi, kada ka tursasa su ka ɓata allon.

Inda mai ƙafa shida ke burge ni shi ne juya moto gaba da baya, ga mai haɗa motar wasa ko ɗan injin ɗaga labule. Ɗauki 203. Jar wayar batir a ƙafar tsakiya ta hagu, baƙa a ta tsakiya ta dama. Haɗa ta sama hagu da ta ƙasa dama, ta sama dama da ta ƙasa hagu, wayoyin biyu su gicciye, kowace da rigarta don kada su taɓa juna. Moto ya karɓa daga biyun sama. Sanda sama ya juya nan, ƙasa ya juya can, tsakiya ya tsaya. Ka saba wa hannunka tsayawa a tsakiya har moton ya daina juyi, domin wucewa kai tsaye daga gaba zuwa baya na jan wuta fiye da ta tashi. A wannan haɗin kada ka gicciya dayod a moton, ta ɓangare ɗaya zai game wutar. Ɗan kafasito mai lamba 104 a bakin moton shi ya dace. Wannan duka ga ƙananan motoci ne irin na kayan wasa da tsofaffin rediyon kaset, ba na wifar mota ba.

Da 103 kuma za ka yi fitila mai haske biyu. Bolt 12 a ƙafar tsakiya, rizisto 470 a gefe ɗaya, 2.2k a ɗayan, bakinsu ya haɗu a doguwar ƙafar farin LED. Na farko na ba da kusan miliamfiya 20, na biyu wajen huɗu, hasken da ya isa ɗakin da yara ke barci kuma batir ya daɗe. Idan zaɓi kake so tsakanin batir biyu, kayan ne ke tsakiya, batiran a gefe, baƙaƙen wayoyinsu a haɗe. In ka kuskure ka sa batir ɗaya a tsakiya, wata rana za ka haɗa shi da ɗan'uwansa kai tsaye, kuma batiran 18650 ba sa yafe irin wannan.

Ga ɗalibai masu aiki da Arduino, wannan makunni ya samu aikin da ya fi dacewa da shi. Ƙafa ɗaya ta tafi GND, ɗayar ta tafi fil ɗin da ka zaɓa, a cikin shirin ka sa fil ɗin a INPUT_PULLUP. Kunne zai karanta LOW, kashe HIGH. In ka manta da wannan, fil ɗin zai zauna ba inda ya jingina, yana karanta abin da ya ga dama har da kusantowar hannunka. Da 103 kana samun zaɓi uku: tsakiya a GND, gefe biyu a fil biyu. Sai dai a nan matsalar ta juya. Riziston da ke cikin Arduino Uno tsakanin 20k da 50k yake, wutar da ke ratsa makunnin ba ta wuce rubu'in miliamfiya ba, kuma wannan ba ta iya huda dushewar da ke hawa bakin ƙarfe da daɗewa. Manyan kamfanoni na yin masu ruwan zinare musamman don irin wannan siririyar wuta. Kai kuwa sa rizisto 1k daga fil ɗin zuwa 5V, miliamfiya biyar za su riƙa bi, ya wadatar. Akwai kuma tsalle-tsallen da fallen ƙarfen ke yi na 'yan dubban kason daƙiƙa kafin ya zauna. In shirinka duba matsayin makunni kawai yake yi, ba ruwanka da shi. In kuwa ƙirga yake yi, turawa ɗaya za ta zama uku ko biyar, sai ka sa ya jira milisakan 30 zuwa 50 ya sake dubawa kafin ya amince.

Ƙurar hunturu na shiga ta bakin wuya inda sandar ke motsi, ta gauraya da giris ta zama laka mai tauri. Abin da zai zauna a waje, ko a babur, ko a shago bakin titi, ka nema masa hular roba da ake murɗawa a zaren maimakon noti na waje. Abin da za a riƙa jefawa a jaka kuwa, sandar za ta riƙa kunna kanta ta shanye batir, ko ta karye, gara ka nutsar da ita cikin ɗan rami a akwatin ko ka koma ga makunni mai zamewa. Makunnin da ya fara wasa, tura shi sau talatin da sauri, wani lokaci hakan na goge bakin. Kada ka ɗura masa baƙin mai ko fetur. In bai dawo ba, canza shi, ka buɗe tsohon ta kunnuwan nan huɗu ka ga abin da ya kashe shi: baƙi da ƙuraje wuta ce ta yi yawa, ƙafa a karkace dalma ce. Kuma in tsohuwar amfilifaya ko na'urar awo ta faɗo hannunka wurin 'yan gwangwan, duba makunnanta kafin a fasa, masu suna a jiki sukan fi sababbin leda ko da sun tsufa.

Kowane haɗi ka yi, sa fis a jar waya dab da kan batir, kafin makunni. Ƙaramin batir na 7Ah na iya zubo amfiya gommai idan waya ta game, ya mai da siririyar waya garwashi cikin daƙiƙu, kuma makunni a kashe ba ya kare wayar da ke tsakaninsa da batir. Ga fanka mai jan 1.25, fis na amfiya biyu ko uku ya yi. Kada ka cike gurbinsa da gashin waya in ya ƙone, nemo abin da ya ƙona shi tukuna.